Wace manhaja ce ta san kunyar ɗan fari?

Bara, bayan hutun damina, mu bakwai munka yi karo-karo har munka tara jika sittin don mu yi wani ɗan gajeren fim na minti 12. Labarin wani saurayi ne, ɗan fari, da ya yi shekara huɗu a Libiya ya komo gida hannu rabbana. Ni anka ba rubuta maganganun ƴan wasa, wai tunda ilimin harshe nake karantawa. Ba mu ɗauki hoto ko guda ba gardama ta tashi. Darektanmu ya ce shi ba ya taɓa kyamara sai an zana fim ɗin kaf, kuma a fidda jika goma sha biyar a biya wata manhaja ta intanet da ya ji ana yabo. Mai kyamara ya ce kuɗin nan abincin ƴan wasa ne na yini biyu, a sayo kaye da bik a wuce wurin. Sati biyu ana wannan a fada, shayi na hucewa. Daga ƙarshe sunka ce: "Kai da ba ka da ɓangare, tafi ka gwada su ka zo mana da labari." Abin da na gano shi ne nake son in baje a nan, don na san ba mu kaɗai ke wannan gardama ba.

Bari in fara da suna, tunda aikina ke nan. Abin da ƴan fim ke kira situribod, ni allon labari nake ce mashi: jerin ƴan akwatunan zane, kowane na nuna abin da kyamara za ta gani, a ƙasansa an rubuta abin da ake faɗi da motsin da ake yi. In an jera zanen a kwamfuta an sa mashi murya da lokaci, har ana iya kallonsa kamar fim, ya zama allo mai motsi. In kuma an gina ɗakin da mutanen a kwamfuta kamar ƴan tsana, ana yawo da kyamarar ƙarya a tsakaninsu, shi ne firibiz, wato gani kafin ɗauka. Ita kanta manhajar, mu nan lojisiyel muke cewa a baki, ƴan'uwanmu na Kano da Katsina su ce manhaja. Na ɗauki tasu don ta fi daɗin rubutu.

Al'adar ba sabuwa ba ce. A farkon shekarun 1930 masu zanen Walt Disney sunka fara manna takardu a bango a jere suna bin labari da ido. A Indiya, Satyajit Ray ya zana fim ɗinsa na farko, Pather Panchali na 1955, da hannunsa, zanen ya riƙa nuna ma masu kuɗi yana neman tallafi. Mad Max: Fury Road na 2015 kuwa an yi mashi akwatunan zane wajen 3,500. Saboda haka darektanmu bai yi kuskure ba da ya ce a zana. Mai jika sittin ya fi mai miliyan dubu bukatar sanin inda zai dasa kyamara tun kafin rana ta yi, don shi ba ya da kuɗin sake ɗauka. Gardamar ita ce da mi za a zana.

Manhajojin da ake ambata, in ka tankaɗe su, gida huɗu ne. Akwai na zane zalla: Storyboard Pro na kamfanin Toon Boom na Kanada, wanda manyan ma'aikatun katun ke aiki da shi kuma ana biya, da Storyboarder na Wonder Unit wanda yake kyauta, da Krita wadda ita ma kyauta ce kodayake ta zane ce gaba ɗaya. Akwai na intanet, irin su Boords da StudioBinder, inda aikinka ke zaune a can wurinsu, kowa ya shiga daga inda yake ya gani ya yi gyara. Akwai na ƴan tsana, irin su FrameForge da Blender da Unreal Engine. Sai na baya-bayan nan, masu ƙirƙirarriyar basira, da kake rubuta masu jimla su fiddo maka hoto. A gefe guda kuma akwai Shot Designer, wanda ke hawa salula, shi taswira yake yi daga sama: ga mutum, ga mutum, ga kyamara, ga inda kowa zai nufa.

Duk bidiyon da na kalla na masu ba da shawara, awonsu ɗaya ne: wacce ta fi sauri, wacce ta fi alkalami kala-kala, wacce ke aika aiki kai tsaye zuwa manhajar haɗa fim. Awon nan daidai ne ga mai zaune a Faris ko Toronto. Ni sai na sa nawa awon guda uku.

Na farko, wuta da intanet da kuɗi. Wanga ba ya bukatar dogon bayani ga wanda ya taɓa yin Afrilu a Yamai, zafi ya wuce 40, wuta ta tafi, tsohuwar kwamfuta na huci kamar injin niƙa. Manhajar da aikinka ke can wurinta, ran da kuɗin intanet ɗinka ya ƙare, fim ɗinka ya shiga kulle. Biyan kuma na wata-wata ne, da yuro ko dalar Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba, kuma sai da katin banki, wanda a cikinmu bakwai babu mai shi. Yuro guda ya haura sefa 655. Wanda ya ce maka "yuro ashirin kacal a wata", jika goma sha uku da ɗoriya yake nufi, fim kuwa ba ya ƙarewa a wata guda. Ban ce waɗannan manhajoji ba su da kyau ba. An yi su ne don kamfanin talla da ke son abokin cinikinsa na wani gari ya danna ya ce ya yarda. Mu abokan aikinmu suna kan benci ɗaya da mu, kofin shayi ɗaya muke zagayawa da shi.

Na biyu, haruffa. A wata manhajar intanet da na gwada a kwanakin kyauta, na rubuta maganar ƙanwar saurayin a ƙarƙashin zane, inda take ce ma maƙwabciya: "Ƙarya ce!" Da na fidda takardar don a buga, duk inda ƙ da ɗ da ɓ da ƴ suke sai ɗan akwati babu komi a ciki. Darekta ya ce a cire lanƙwasar mana, ai kowa zai gane. Na ce to, ka karanta "karya ce" a gaban maƙwabciyar ka ga yadda za a kwashe. Ɗaki da daki, ƙafa da kafa, ɓata da bata: lanƙwasar nan ita ke raba ma'ana. Tun 1999 anka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar nan, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a rubuce cikin kundi. Bai kamata ɗalibi ya biya kuɗi don a gurgunta mashi ita ba. Gwajin minti biyu ne: rubuta "ƴaƴan ɓauna sun ƙi ɗaki", ka fidda takarda, ka duba. Wadda ta faɗi, ta faɗi.

Na uku shi ne ya fi ci mani lokaci, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Na ɗauki fage guda daga fim ɗin na ce kowace manhaja ta gwada shi. Ga fagen. Uwa na zaune a kujera ƴar tsugunno a tsakar gida tana tankaɗe. Saurayin ya yi sallama daga bakin zaure, ya shigo, ya tsuguna nesa da ita kamar taku biyar, kansa a ƙasa.

"Inna, mun iske ku lahiya?"

"Lahiya lau. An komo?"

Ba ta ɗaga kai ba. Hannunta ya tsaya a kan rariya na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba. Sai ta ce ma ƙanwarsa: "Ke, kawo ma yayanki ruwa."

Shi ke nan fagen. Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da ya wuce a nan. Shekara huɗu ba ta san ko yana raye ba, amma ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa a gaban mutane. Ku duba nahawun. Shi ya ce "ku" alhali ita kaɗai ce, ya yi mata jam'i na girmamawa. Ita kuwa ba ta ce "ka komo" ba, ta ce "an komo", ta ɗauko wakilin sunan nan da ba ya nuna kowa ta laɓe a bayansa. Da za ta yi mashi alheri ma, ta bakin ƙanwarsa ta bi. Duk son da ke fagen nan yana cikin abin da anka kauce ma.

To, fim ma yana da nahawunsa, kuma wanda ya fi yaɗuwa shi ne abin da Faransawa ke kira champ-contrechamp: a nuna fuskar mai magana, a yanke, a nuna fuskar mai amsawa, idon wannan na neman idon wancan. Nahawun "ni da kai" ne. Misalan koyo da ke zuwa da manhajojin nan, da darussansu na bidiyo, kusan duk a kansa anka gina su: mutum biyu a tsaye ko a kan kujeru, fuska da fuska, kyamara a tsayin idon mai tsaye, tana leƙowa ta bayan kafaɗa. In ka bi wannan a fagenmu, ka sa uwar ta ce "ka" da ido bayan ta ce "an" da baki. Ka fassara fagen zuwa wani harshe ba ka sani ba.

Na gwada da ƴan tsana a wata manhajar. Suna zuwa a tsaye, ƙiƙam. Rumbun kayan da ke ciki akwai kushin, akwai teburin ofis, akwai mota iri-iri. Babu turmi, babu tabarma, babu randa, babu kujera ƴar tsugunno. Dare guda cur na yi ina lanƙwasa gwiwa da idon sawu don ɗan tsana ya tsuguna irin tsugunnon gaisuwa, ƙarshe ya fito kamar mai shirin tseren gudu. Uwar kuma babu zane babu mayafi, alhali mayafin ne ke canza yadda sunkuyar da kai ke fitowa a hoto. A Blender kana iya gina duk abin da ka ga dama, gaskiya ne, turmin ma da taɓaryarsa. Sai dai koyon watanni ne, mu kuwa sati uku ya rage mana kafin mai aron kyamara ya karɓi abinsa.

Mai ƙirƙirarriyar basira kuwa, na rubuta mata da Faransanci cewa uwa ce a ƙasar Hausa take tarbar ɗanta bayan shekara huɗu. Cikin daƙiƙa kaɗan ta ba ni hoto mai kyau ƙwarai: sun rungume juna, tana hawaye, bayansu bukka da faɗuwar rana. Na ce kada su taɓa juna, sai ta sa sun tsura ma juna ido. Na ce kada ta kalle shi, sai ta fito da ita kamar mai fushi. A kowane hoto kuma fuskar uwar dabam ce. Ban ga laifinta ba, abin da anka ciyar da ita take amayarwa, kuma hotunan uwa mai kunyar ɗan fari ba su da yawa a intanet. Haɗarin shi ne kyawun hoton. Da na nuna a fada, biyu daga cikinmu sunka ce: "Kai, wannan ya fi taɓa zuciya, mu yi hakanan mana." Da ba a yi tsaye ba, da manhaja ta sake mana labari muna tafa mata.

Yadda munka warware shi, da bik ne a bayan takardar darasi. Hoto na farko mai faɗi, su biyu a ciki, tazarar nan ta taku biyar a tsakiya, kyamara a ƙasa daidai idon mai zaune a tabarma. Na biyu, hannunta a kan rariya. Na uku, fuskar ƙanwar, don ita kaɗai ce al'ada ta yarda ta kalli kowa, saboda haka idonta ya zama idon mai kallo. Fuskar uwar ba a matso ta ba sam. Mai kyamara ne ya tuna mana da Yasujiro Ozu na Japan, mai Tokyo Story na 1953, wanda ya shahara da sauke kyamara ƙasa saboda mutanensa a tabarma suke zama. Shi ma ya tarar da nahawun da bai dace da ɗakin gidansu ba, ya gyara shi.

Yanzu bari in ba darektanmu haƙƙinsa, don yana da shi. Ya kawo misalin Flow, fim ɗin katun na Gints Zilbalodis ɗan Latbiya, wanda anka yi da Blender, manhajar kyauta, ya kuma ci Oscar a 2025. Mai fim ɗin bai bi ta allon zane ba, kai tsaye ya riƙa gina fage a kwamfuta yana yawo da kyamara a ciki. Darekta ya ce in mun tsaya a bik, yaushe za mu kai can? Tambaya ce ta gaskiya. Akwai kuma abin da zane ba ya faɗa maka. Takarda ba ta san faɗin ɗaki ba. Mun zana wani fage a zaure, mutum uku a hoto guda, ya yi kyau a takarda. Da munka je zauren, faɗinsa bai kai mita uku ba, gilashin kyamarar da munka aro na milimita 50 ne, ko mutum biyu bai ɗauka sai an fasa bango. Irin wannan ne FrameForge ke alfahari da shi: ka ba shi awon ɗaki da irin gilashinka, ya nuna maka abin da zai shiga. Ga fagen tseren kabu-kabu a kasuwa, ko mota a hamada, ko duk abin da ba a iya maimaitawa sau biyu, gani kafin ɗauka na iya ceton kuɗi, har da rai. Amma matsalar zauren, da mun je da salula tun farko mun tsayar da abokai mun ɗauka, da mun gano ta kyauta. Sai dai a kula, gilashin salula ya fi na milimita 50 faɗi nesa ba kusa ba, yana iya yaudararka ka ga kamar kowa ya shiga. Akwai ƴan manhajojin salula irin su Cadrage da Artemis da ke kwaikwayon gilashin da ka zaɓa. In dole sai an kashe kuɗi, ni nan zan fara dubawa.

Wani abin da bik kaɗai bai iya ba shi ne lokaci. Darekta ya ba gaisuwar nan daƙiƙa 15 a lissafinsa. Da munka naɗi muryoyin a salula, da sallamar, da shirun, da zuwan ruwan, munka jera zanen a kai, sai ga daƙiƙa 50. A fim na minti 12 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya so a datse gaisuwar. Munka kalli allon mai motsi sau uku, kowa ya ga in an datse ta babu sauran fim, sai munka zubar da wani fage na tashar mota a madadinta. Yini guda na ɗauka ya ragu. Wannan ita ce riba mafi girma da kwamfuta ta ba mu, kuma da Storyboarder munka same ta, ba mu biya ko dala ba. Tana aiki ba tare da intanet ba, kuma tana da wata dabara da ta yi daidai da mu: ka buga takarda mai akwatuna, ka zana da hannu, ka ɗauki hotonta, ta shigar da zanen cikin jeri. Kuɗin da munka kashe a duk harkar allon labari jika biyu ne, na fotokofi.

Kullum in ana irin wannan magana sai an ambaci Moustapha Alassane, kuma ya cancanta. Mutumin da ya yi Bon voyage Sim a 1966, da kwaɗinsa shugaban ƙasa, ya zauna Tawa yana aikinsa shekara da shekaru har rasuwarsa a 2015. Amma ba na son yadda wasu ke maida shi hujjar cewa talauci ado ne. Ya je Kanada ya koyi aiki wurin Norman McLaren, kuma da kwamfuta ta zo ya kama ta. Abin koyi a wurinsa shi ne ya san abin da yake son ya nuna tun kafin ya ɗauki kayan aiki, saboda haka kowane ya samu sai ya bi da shi.

Ga wanda ke shirin fim ɗinsa na farko, shawarata ke nan. Kada ka fara da tambayar wace manhaja ta fi. Ɗauki fagen da ya fi kowane zama naka a cikin labarin, wanda baƙo ba zai gane shi da farko ba: gaisuwar suruki, zance a ƙofar gida, matar da ke amsa sallama daga bayan labule, almajiri a gaban malaminsa. Zana shi da bik ko da ƴan sanduna ne, don allon labari ba gasar zane ba ce, mai kyamara da ƴan wasa kawai ake so su gane. Sannan ka kai ma manhajar. In ta bar ka ka sauke kyamara, ka raba idanu, ka rubuta ƙ da ɗ, ka yi aiki wuta ta tafi ba ka yi asara ba, riƙe ta. In ka ga kana canza fagen don ya yi mata sauƙi, rufe ta.

Har yau ba mu gama shiryawa da darektanmu a kan wannan ba. Yana nan yana koyon Blender da dare, ya rantse fim na gaba sai an gan shi a kwamfuta kafin a ɗauka. Satin da ya wuce ya nuna mani turmin da ya gina, da randa, da wata kujera ƴar tsugunno mai ƙafa ɗaya gajera. Na ce mashi wannan aikin ya fi duk gardamar da munka yi amfani. Shawarar da muke kawo ma ƙungiya ita ce a buɗe rumbu guda a kile, duk wanda ya gina wani abu na gidanmu, zaure ne, rumfa ce, ɗan tsana mai tsugunno ne, ya zuba a ciki, na baya ya samu. Ni kuma na ɗauki nauyin tara kalmomin aikin da Hausa, don har yanzu a wurin ɗauka rabin umarni da Faransanci ake ba da shi, tsohuwar da ta fito a uwar kuwa sai an juya mata. Wanda ke da kalmar da ta fi "allon labari", ya zo da ita zama mai zuwa.